Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajiyar Garin Los Angeles, Karen Bass

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa.

Maganar gidan Paul R. Williams da ke unguwar Lafayette Square ce ta sa na rubuto. Ba sai na faɗa miki ko wane ne shi ba. Ke da kika yi shekaru kina gwagwarmaya a kudancin birnin nan kin san baƙar fata na farko da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta karɓa a 1923, wanda ya koyi yin zane a juye daga ɗaya gefen tebur saboda wasu Turawan da ke ba shi aiki ba sa son zama kusa da shi. Ya zana wa attajirai gidaje a unguwannin da sharuɗɗan sayar da fili suka hana irinsa mallakar ko ɗaki. Sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1948, wanda ya hana kotuna tilasta irin waɗannan sharuɗɗan, ya gina nasa a 1952, ginin zamani, yadda ransa ke so.

Tun 1976 birni ya sa gidan cikin jerin wuraren tarihi. To, me wannan matsayi yake hanawa? Idan mai gida ya nemi izinin rushewa, iyakar ƙarfin hukumar kula da wuraren tarihi ta birni shi ne ta jinkirta kwana 180, majalisar birni ta ƙara wasu 180. Shekara ba za ta cika ba katafila ta shigo. Wannan shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na zargin masu gidan na yau da komai, amma gida kan canza hannu, kuma farashin fili a birnin nan ba ya barin kowa ya yi dogon tunani. Gidan da Williams ya zana wa shahararren mawaƙi Frank Sinatra, duk da girman sunayen biyu, an baje shi a 2006.

A 2021 ofishin tsara birni tare da cibiyar Getty, mai aikin adana kayan tarihi, suka bayyana cewa cikin wuraren tarihi kusan 1,200, kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ne kawai suka shafi baƙar fata, aka ɗauki alkawarin gyara. An ƙara sunaye, har da tsohon gidan Williams na titi na 35 a 2022, mun kuma yaba. Amma ƙara suna a jerin da ba ya tsayar da rusau bai cika alkawarin ba.

Ga kuma shirin Mills Act, mai rage wa masu kula da tsofaffin gidaje haraji, wanda aka daina karɓar sababbin masu nema a 2020 da sunan nazari, shekaru suka yi ta wucewa ƙofar na rufe.

Don Allah, ranki ya daɗe, ki kai wa majalisa ƙudurin da zai ba hukumar ikon cewa a'a ga rushe irin waɗannan gidaje, ki kuma faɗa mana ranar da za ki kai shi.

Naki,
wani mazaunin Los Angeles