Zuwa ga ɗan aminina da ke Yamai, mai cewa zafi bargon talaka ne

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina gajiya, ina aiki? A gaida mai ɗakinka da yara. Da a waya ka kira ni, da mun yi maganar nan irin ta uba da ɗa. Amma tun da a Facebook ka ga dama ka tsayar da ni gaban duniya, to a nan zan ba ka amsa. Jikata ce ta karanta mini, don idona ya daina shiri da ƙananan haruffa. Da ta kai wani wuri sai ta yi shiru, sai da na ce ta ci gaba.

Ga waɗanda ba su ji mafarin ba: a wata hira da aka yi da ni a rediyo na ce in za a ba mutanen Damagaram zaɓi, mafi yawansu hunturu za su ɗauka su bar bazara. Shi ne ka rubuta: "Mushe, wa ka tambaya? Mai bargo ne ke yabon sanyi. Zafi bargon talaka ne. Ka taɓa kwana a zaure da riga ɗaya a watan Janairu?" Ka ƙara da cewa Turawa ma kuɗi suke kashewa su bi rana, kuma sanyi ne ke kawo sanƙarau.

Tambayar zauren ce ta sa yarinyar nan yin shiru, don haka da ita zan fara. Na taɓa, ɗana. Tun kafin a sa ni lakkal, wato makarantar boko, hunturu uku na yi ina almajiranci a unguwar Birni. Da la'asar mu fita tsintar kara, da dare mu hura wuta mu kewaye ta da alluna, gaba yana gasuwa baya yana daskarewa. In wuta ta mutu mu kwanta baya da baya. Kaushi ya tsaga mini dunduniya har jini, ruwan alwalar asuba kuwa kamar an zuba maka allurai a hannu. Buhu ɗaya muke lulluɓa da shi mu biyu, kuma abokin lulluɓar tawa yana nan da ransa a Zango. Mahaifinka ne. Ka tambaye shi wa ke janye buhun cikin dare. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a makarantun ƙauye, ban taɓa zaton za a wayi gari yaron da na halarci sunansa zai koya mini kwanan zaure ba.

Saboda na san sanyin nan ne na faɗi abin da na faɗa. Sanyi sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Ka shiga kasuwar Dole ka sayi rigar gwanjo, ta kai ka hunturu uku, ƙaninka ya gada. A Disamba da Janairu ɗarin asuba a nan yakan sauka wajen digiri 14 ko 15, hantsi na dubawa ka ga tsofaffi sun jera a jikin bango suna shan rana, an gama. Zafi kuwa kullum sai ya karɓi harajinsa. A Afirilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne. Ɗakin kwano ya koma tanda, da dare bango ya dawo maka da duk ranar da ya sha, ka fito tsakar gida da tabarma kana haska fitila saboda kunama. Mai jin sanyi yana ƙara riga a kan riga. Mai jin zafi in ya tuɓe ya kai fata, me ya rage ya cire?

Sannan zafi a garin nan ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ƙishirwa yake tafe. A unguwarmu bazara na kamawa famfo yake ɗaukewa. Ƙarfe ukun dare za ka ji ƙarar bido, mata da yara sun bi layi, wata da goyo, wata ta ajiye dutse a madadinta ta je ta dawo. Ɗan ga-ruwa ya ninka kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma tun dare yake tura kura. Azumin 2021 daga tsakiyar Afirilu ya kama har cikin Mayu. Na ga birkila ya sauko daga kan gini da azahar ya jiƙa buhu ya kwanta a kai, leɓensa fari fat, da magariba kuma yana lissafi ko ƙanƙara zai saya ko cefane. Wannan ne bargon da kake cewa? A farkon Afirilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali, tsofaffi suka yi ta mutuwa. Ban ji an ce bargo ya rufe su ba.

Ka ce wa na tambaya. Ban bi gida gida da takarda ba, ba ni da furojen da zai biya ni in yi haka. Amma ka saurari bakin da ka tashi da shi. In an yi wa mutum abin kirki, cewa yake ransa ya yi sanyi. Ɗa nagari sanyin ido ne. In baƙo ya sauka, ruwan sanyi ake fara miƙa masa. In duniya ta matse mutum kuwa sai a ce rana zafi, inuwa ƙuna. Na san za ka ce ai akwai zafin nama da ake yabo da sanyin jiki da ake zargi. Na ba ka wannan, ka riƙe. Ko a addini, an yi umarni a jinkirta azahar in zafi ya tsananta har gari ya ɗan huce.

Maganar Turawa ba ta kai a tsaya a kanta ba: ranar da suke biyan kuɗi su sha, hunturunmu ce. Sanƙarau kuma gaskiya ne, mun gan shi a jihar nan daga ƙarshen 2022, amma ciwon rani ne, ƙura da busasshiyar iska yake bi, kuma ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. Bazara na cikin lokacinsa, ba shaidarka ba ne.

Hoton da ka sa a saman shafinka ma na gani, kana sanye da kwat da laƙataye a ofis. Jikata ta ce a Afirilu ka ɗora shi. Mutumin da ke sa kwat a Yamai a Afirilu, ai mun san irin iskar da ke kaɗa shi. Ban hana ka ba, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai kwanan nan mun lura duk wanda ke neman kujera ko tallafin wata ƙungiya, da sunan talakan Damagaram yake buɗe baki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da Faransawa suka kwashe mulki zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. A kan dutse muke zaune, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza. Wajen shekara ɗari ke nan, an haifi mahaifinka an haife ka, har matatar man fetur an buɗe a hanyar Tanut a 2011, amma har yau matanmu na ajiye dutse a layin famfo. 'Ya'yanmu da muka koyar suka tafi can, in sun tuna da mu sai su aiko mana da karin magana.

Ɗakin kwanon da aka haife ka a ciki yana nan, mahaifinka ya ce ba kowa a ciki. Ka zo a Mayu ka yi mako guda. Ka taho da bidonka, don namu duk suna layi.

Wassalam,
Baffanka na Birni