Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu na Shekarar 2025

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, mai unguwa, limamanmu da sauran 'yan uwa membobi maza da mata, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan da ƙungiya ta gudanar a shekarar 2025. Lissafin kuɗin shiga da na kashewa yana cikin rahoton ma'aji da za a karanta bayan wannan, don haka ba za mu maimaita shi a nan ba.

Idan ba a manta ba, a babban taron bara an yanke shawarar rage yawan zaman tattaunawa kan halin da ƙasa take ciki, a mayar da lokacin ga aikin da hannunmu zai iya kaiwa. Mun ɗora wannan shawara a kan sashe na 24 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya lissafa wajibban ɗan ƙasa, ciki har da ba da gudummawa mai amfani ga ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta, da taimaka wa hukumomi wajen kiyaye doka, da biyan haraji a kan lokaci. Da yawa daga cikinmu sun haddace haƙƙinsu a kan gwamnati, amma kaɗan ne suka taɓa jin an karanta musu wannan sashe.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne yashe magudanan ruwa. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, da kuma ambaliyar Mokwa a jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta halaka fiye da mutum 150, sun sa mutane sun saurari kiranmu fiye da yadda suka saba. Mun sani cewa gyaran madatsar ruwa ya fi ƙarfin ƙungiyar unguwa. Sai dai ruwan da yake shiga ɗakunanmu duk damina ba daga wata madatsa yake zuwa ba. Yana taruwa ne saboda ledar fiya wata da robobin lemo da yashin gini sun toshe kwata da bakin kwalbati, kuma mu ne muka zuba su.

Saboda haka tun kafin ruwa ya sauka muka fara aikin gayya a kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar da aka ware domin tsaftar muhalli a Kano. Ƙungiya ta sayi cebur da manjagara da baro, aka damƙa su a hannun shugaban matasa tare da littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya ara. Darasin da aikin ya nuna mana tun a watannin farko shi ne, yashewa ba ta da amfani idan aka bar dattin a bakin kwata, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Daga nan muka daidaita da masu kura su riƙa kwashewa zuwa juji a ranar, ana biyansu daga kuɗin wata. A layukan da kowane magidanci ya ɗauki nauyin kwatar ƙofar gidansa, ruwa ya wuce lafiya har ƙarshen damina. A layukan da aka zauna ana jiran ranar gayya kawai, kwatar ta sake cika kafin wata ya zagayo. Kwamiti yana ganin wannan bambanci ya fi duk wani jawabi da za mu yi muku ƙarfi, kuma ya dace mu faɗa a fili cewa wasu daga cikin masu zafin magana a majalisa kan lalacewar shugabanci ba mu taɓa ganinsu riƙe da cebur ba.

Wajibi ne mu yaba wa iyayenmu mata. Su ne suka bi gida gida suna jan hankali a daina aiken yara da shara da daddare su juye a kwata, kuma su ne suka raka ma'aikatan rigakafi zuwa gidajen da ake ɗari-ɗari da su. Wanda ya tuna yadda cutar mashaƙo ta yi wa yaran Kano illa a 2023 ya san darajar wannan rakiya.

Game da katin zaɓe, da hukumar INEC ta buɗe ci gaba da rajistar masu zaɓe a watan Agusta, matasanmu da suka iya aiki da waya sun zauna a ƙofar makarantar firamare suna taimaka wa mutane cike bayanan farko ta intanet, musamman waɗanda suka cika shekara 18 da waɗanda suka sauya mazauni. Dalilinmu a bayyane yake: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ƙungiya ba ta goyon bayan kowace jam'iyya, kuma an hana kawo hula ko fosta ta siyasa wurin aikin.

Ɗaukar nauyin da ke kanmu bai sa mun yafe wa hukuma nata ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muka ga ya kamata koke ya daina tsayawa a bakin masallaci. Mun rubuta takarda mai ɗauke da sa hannun magidanta kan kwalbatin da ya rufta a bakin kasuwa, muka miƙa ta hannun kansila, muka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Har yanzu ba a fara aikin ba, kuma za mu sake rubutawa kafin damina.

Dashen itatuwa bai yi albarka yadda muka so ba, saboda awaki sun cinye mafi yawan dashen da ba a kewaye ba. Wanda ya rayu shi ne wanda mai gida ya yi wa shinge yake ba shi ruwa, don haka a shekara mai kamawa za a bayar da dashe ne kawai ga wanda ya riga ya tanadi shingensa.

Kwamiti yana neman amincewar taro da abubuwa biyu: a naɗa wakili ɗaya a kowane layi wanda zai riƙa duba kwata yana kawo rahoto duk wata, sannan a sa wa'adin biyan bashin kuɗin wata kafin a raba kayan aiki na gaba. Masu riƙe da cebur ko baro na ƙungiya su mayar wa shugaban matasa kafin Asabar ɗin ƙarshen wannan wata domin a ƙidaya.

Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa