Zuwa ga ƙanena, kan saƙon nan na imel

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Ni lafiyata lau. Saƙon imel ɗin nan da ya zo maka da sunana ana neman kuɗi, ba ni na aiko shi ba. Ba a tsare ni ba, ban kwanta asibiti ba, ban kuma rubuta wa kowa ina neman kuɗi ba. Ka fara gaya wa Inna wannan kafin ka ƙarasa karatu, don na ji a muryarta ba ta samun barci.

Ka ce sunana ne a saman saƙon, har da adireshina. To saurara. Layin nan da aka rubuta From, mai aikawa ne ke cike shi da kansa, kamar yadda kowa zai rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Tun ƙa'idar 1982 da aka ɗora imel a kanta haka abin yake, ba a sa mai tantancewa ba. Daga baya ne aka ƙaro hanyoyin tantance mai aikawa, su SPF da DKIM da DMARC, don toshe ɓarakar, amma ba ko'ina ake tsaurara su ba. Sunan da ke fitowa ɓaro-ɓaro a waya kuwa, ko yaro ya canza shi.

Inda suka yi maka tarko shi ne wani layin daban, Reply-To. Waya ba ta nuna shi sai ka taɓa 'yar kibiyar da ke ƙasan sunan. In an cike layin nan, da ka danna amsa can saƙonka zai nufa, ba zai bi ta kan adireshin From ba. Shi ya sa ko amsarka ɗaya ba ta iso ni ba, kai kuwa kana ta hira da ɓarawo kana ce masa Yaya. Ba don sata aka ƙirƙiri layin ba. A wurin aikinmu ma na'ura ce ke turo jadawali, amsa kuma ta je wa mai kula da mu. Amma ni me zai sa in ce a amsa mini a wani adireshin?

Daga yau in ka danna amsa, ka dubi adireshin da ya fito a gurbin To, harafi bayan harafi. In ba nawa ba ne ka goge. Ko da adireshina ne, muddin maganar kuɗi ce, ka kira ni ka ji muryata tukuna.

Kuɗin da na turo na makarantar yara ne da maganin Inna. Kada ka taɓa su don wani saƙo. Ba daga ƙasa nake tsinto su ba, aikin dare ne, ga sanyi, amma alhamdulillahi ana turawa.

Na kuma ji Kawu na yawo da maganar wai an kama ni. Ka same shi cikin ladabi ka ce ya bari. Ni da nake riƙe da gidan nan tun rasuwar Baba, shi ne za a ce ina bara ta intanet? Na san ba na kira yadda ya kamata, da ina kira da Inna ba ta gaskata ba. Ka ba ta haƙuri.

Ka canza kalmar sirrin imel ɗinka yau, ni ma na canza tawa. Ran Lahadi zan kira, ka tabbata wayar Inna da caji. Kuɗin nan dai kada ka taɓa su.

Naka,
Yaya