Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa na wani asibiti da ke wajen birni. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, galibi mu ake fara kawo wa, tunda mu ne matan da ke bakin aiki da dare.

Daminar bara wata uwa ta shigo mana da 'yarta goye a baya, yarinyar ko shekara goma ba ta kai ba. Kwana huɗu ke nan da faruwar abin. Kwana biyu sun tafi a zauren sulhu ana ta a rufa asiri. A rana ta uku ta je wani asibiti, aka ce mata sai da takardar 'yan sanda. Kafin ta iso wurinmu ta riga ta gasa yarinyar da ruwan zafi da bagaruwa, ta wanke ɗan kamfan ta shanya. Ban ga laifinta ba, ni ma da ban yi wannan karatun ba abin da zan yi ke nan.

Amma ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Mun makara da kwana ɗaya. Wanda ya kore ta saboda takarda bai san sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a juya mai buƙatar taimakon gaggawa ba. Ina roƙo a rubuta wannan da Hausa, a liƙa a ƙofar kowane asibitin gwamnati: a fara duba ta, takarda ta biyo baya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake duba wadda aka yi wa fyaɗe, domin yawancinmu ba a taɓa koya mana ba. Ba a taɓa jikinta sai da yardarta, ko ta waliyyinta idan ƙarama ce. Ana rubuta labarin da kalmomin bakinta. Kowane ƙwarzane da ƙujewa a auna shi, a zana inda yake. Audugar da aka ɗebi samfuri da ita sai ta bushe, tufafi kuma a ambulan na takarda ake sa su, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Mu ko ambulan ɗin ba mu da shi; na taɓa naɗe siket ɗin wata a takardar da ta zo da safar hannu.

Sai kuma jimlar nan da ke kashe shari'a: "budurcinta na nan." Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya, ta nemi a daina. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a ganin rauni a gabansu, balle bayan kwanaki. Amma da likita ya rubuta haka, lauyan wanda ake tuhuma ya samu abin kamawa. Namu mu faɗi abin da ido ya gani, hukunci na alƙali ne.

Na san akwai Cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Asibitin Murtala, kuma suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu. To amma ƙananan hukumomi 44 gare mu. Matar da ke Doguwa, wadda kuɗin mota ma sai ta ranto, yaushe za ta iso Kano kafin awa 72 ta cika?

A horar da aƙalla mace biyu a kowane babban asibiti. A ajiye maganin ƙanjamau, da allurar ciwon hanta, da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa a ɗakin da ba a kullewa da dare, kuma kyauta. A ba mu fom guda ɗaya da kotu ta yarda da shi. Likitan da zai je ba da shaida a biya masa kuɗin mota, don yawan ɗage zama ne ke sa wasu gudun sa hannu.

Uwar nan mun ce ta dawo da yarinyar bayan wata uku a sake gwajin jini. Har yau ba mu gan su ba.

Na gode, a huta lafiya.

Wata ma'aikaciyar jinya