Zuwa ga Abba, mai sunan Baba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, Hajiya tana gaishe ka.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Baba. Da na buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga farar hularsa ta sojan ruwa naɗe cikin tsohon zani, ƙarƙashinta kuma katinsa na masaƙa. Na daɗe zaune da su a hannu, maganarka ta waya tana yi mini yawo a rai, wai kunya kake ji abokanka su san a kamfanin roba kake aiki da digirinka.

Kakanka bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kaduna ba sai da ya isa Apapa. Yana cikin jirgi sa'ad da aka sauke sojoji a Bonny cikin Yulin 1967, farkon yaƙin basasa. Ba ya son zancen yaƙin nan. In mun matsa masa, sai ya kauce zuwa labarin aman da ya yi ta yi a teku, da yadda suke goge daɓen jirgi tun kafin asuba.

Bayan yaƙi ya ƙare a 1970 ya ƙara 'yan shekaru, sannan ya ajiye kaki ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Mutumin da ake sara wa, ga shi tsaye gaban injin saƙa, yaro ƙarami yana ba shi umarni, kuma ban taɓa jin ya ce an rage masa daraja ba. Har gobe ina ganinsa yana dawowa daga aikin dare a kan kekensa, auduga fari fat a girarsa, Hajiya tana cire masa da yatsa kafin ya yi alwala. Jiniya ba ta taɓa busawa yana bakin ƙofa ba. Da albashin nan mu bakwai muka yi karatu.

Kada ka saki reshe ka kama ganye, Abba. Nemi wanda ya fi, ban hana ka ba, amma kana riƙe da wannan. Ka riƙa sa abin toshe kunne da takunkumi ko da za a yi maka dariya. Ka ga yadda sai mun ɗaga murya Baba yake ji, ga tarin da ya hana shi barci. Takardar ɗaukarka aiki da ta albashi, adana kowace. Da aka rufe masaƙarsu ba a biya su haƙƙinsu ba, abokansa da yawa sun rasa ko shaidar da za su nuna.

Hular tana wurin Hajiya. Ta ce taka ce, amma ba za ta ba kowa saƙo ba, sai ka zo da Sallah ta miƙa maka da hannunta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yi maka albarka.

Mahaifinka