Ba inji kaɗai ya raya masana'antar Hjedding ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na noma da kiwo na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Baƙonku ya yi ta nanata cewa injin raba mai da madara ne ya ɗaga manoman Hjedding, wani ƙauye a ƙasar Denmak, wai makiyayanmu su samo inji, shi ke nan. Wannan magana za ta jawo wa mutane asara.

Injin raba mai da madara ya riga ƙungiyar manoman zuwa, domin De Laval, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, ya fito da nasa tun 1878. Abin da manoman wannan ƙauye na Denmak suka kawo a 1882 shi ne yarjejeniya. Kowa zai kai duk madarar da ya tatsa, ban da ta shan gida. Bashin ginin masana'antar madarar yana wuyan kowa da kowa. Riba kuma gwargwadon madarar da mutum ya kai. Me ya sa baƙonku ya tsallake wannan?

Kilo ɗaya na man shanu yana cin madara wajen lita 23 zuwa 25. To idan rabin mambobi suka karkatar da tasu kasuwa ranar da farashi ya hau, da me inji zai yi aiki? Ga kuma algus. Mutum ɗaya ya zuba lita 1 ta ruwa a lita 9, mai ya sauko daga kashi 4 cikin ɗari zuwa 3.6, kowa ya ɗauki asarar. Sai an auna man kowace kwalla, an biya a kansa, ake maganin wannan.

Ko kaɗawar ma bai faɗa daidai ba. Ana raba madara da ɗuminta, amma man da aka ware sai ya yi sanyi, digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Celsius, kafin a kaɗa. Da zafi, man shanun zai fito caɓa-caɓa, wani ya bi tsala. Kada a cika abin kaɗawar ya wuce rabi. Idan ba a wanke man shanun da ruwan sanyi har ruwan ya fito garau ba, cikin 'yan kwanaki zai yi wari. A zafin ƙasarmu, wanda bai tanadi sanyi ba kada ma ya fara.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin hira. Alƙaluman farashin dusa da aka karanto a ƙarshe, ko ɗaya ba a ji ba.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya