Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Zulum a kan albashin malaman da ke koyarwa a garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita

Mai Girma Gwamnan Jihar Borno, Farfesa Babagana Umara Zulum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne a kan haƙƙin malaman firamare da na ƙananan sakandare da ke aiki a garuruwan da gwamnatinka ta mayar da 'yan gudun hijira, tare da waɗanda suka riƙe azuzuwa a sansanoni tsawon shekarun da makarantu suka watse. Na zaɓi in yi maganar a fili ne saboda su ma'aikatan gwamnati ne, ba kowanensu ke da bakin faɗa wa gwamna damuwarsa ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba.

Ba sai an tuna maka irin jinin da malamai suka zubar a wannan yaƙi na Boko Haram ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙirga malamai 611 da aka kashe daga 2009 zuwa 2015, tare da kimanin 19,000 da suka bar gidajensu, sannan a 2017 asusun UNICEF ya ce adadin waɗanda aka kashe a Arewa maso Gabas ya haura 2,295, an lalata makarantu kusan 1,400, kuma fiye da rabin makarantun Borno suna rufe. Malamin boko ba harsashin kuskure ne ya same shi ba, nemansa aka riƙa yi da suna, domin aikinsa ne masu ɗauke da makamai suka ɗauka a matsayin laifi.

Gaskiya ce da ba mai musu cewa tun kana kwamishinan sake gina garuruwa da tsugunar da jama'a, har zuwa yau, an gina makarantu masu yawa, wasunsu benaye ne. Daga 2021 aka fara rufe sansanonin Maiduguri, irin su Bakasi da Dalori, jama'a suka koma Bama da Gwoza da Baga da Malam Fatori, wasu kuma aka dawo da su Banki daga sansanin Minawao na ƙasar Kamaru. Sai dai gini ba ya koyar da baƙi da wasali, kuma abin da zai zaunar da malami a Malam Fatori shi ne abin da ke shiga hannunsa a ƙarshen wata.

Ranka ya daɗe, za ka tuna safiyar nan ta watan Fabrairun 2020 da ka kai ziyarar ba-zata wata makarantar firamare da misalin ƙarfe shida da rabi, ka tarar da wata malama 'yar asalin jihar Abiya ta riga kowa zuwa tana jiran ɗalibai. Ka ba ta kyautar naira 100,000 daga aljihunka, aka kuma ɗaga ta zuwa mataimakiyar shugabar makaranta, duniya ta yaba, kuma yabon ya dace. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne albashinta, wato naira 35,000 a wata bayan shekara 31 tana koyarwa. Da a ce motarka ta bi wata hanya a ranar, da haka za ta kai ga ritaya ba wanda ya san da ita. Idan wannan ne rabon wadda ta kusa gama aiki a cikin birni, mai karatu zai iya auna rabon wanda aka ɗauka jiya aka tura Rann, can kan iyakar Kamaru. Kyauta tana zuwa ne ga wanda ya yi sa'ar haɗuwa da gwamna, albashi kuwa haƙƙi ne da ya kamata ya iske kowa a inda yake.

A 2022 kwamitin da ka kafa ya gwada malamai 17,229 na ƙananan hukumomi 27, ya ce 5,439 kaɗai suka cancanta, 7,975 za su gyaru da horo, 3,815 kuwa ba su da abin da za a ɗora horon a kai. Ba na cikin masu cewa bai kamata a yi jarrabawar ba, domin ɗan talaka ma yana da haƙƙin samun malamin da ya san abin da yake koyarwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Aikin da aka shekara ana biyansa ƙasa da abin da mai tura baro ke samu a Kasuwar Monday ta Maiduguri, ba zai ja hankalin mai takardar shaidar malanta ta NCE ko digiri ba, musamman a lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri suna biyan mai fassara ko mai cike fom ninkin albashin hedimasta. Waɗanda suka fi ƙwarewa su ne suka fara tafiya, don haka sakamakon jarrabawar shaida ne a kan tsarin biyan kamar yadda yake shaida a kan malaman.

Akwai wani abu da jadawalin albashi ba ya nunawa. Kafin rikici, malamin ƙauye manomi ne. Yakan tashi daga aji ya wuce gona, ya noma gero da waken da za su kai shi shekara, albashi ya zama kuɗin cefane da magani kawai. Yau garuruwa da yawa an kewaye su da rami, ba a fita sai 'yar tazara kaɗan, kuma tun kisan manoman shinkafa na Zabarmari a watan Nuwamban 2020 ba wanda ke buƙatar bayanin dalili. Ma'ana, gonar da ke rufa wa malami asiri ta fita daga hannunsa, kowane mudu sai ya saya, kuma ya saya da tsadar garin da kaya ba sa isa sai da rakiyar sojoji. Malamai da yawa sun bar iyali a gidan haya a Maiduguri, suna ɗora tukunya biyu da albashi ɗaya. Inda babu banki, sai malami ya jira ranar da sabis ya kama, ya bi layin mai POS, a yanki wani abu a cikin ɗan abin da ya samu. Idan kuma aka kira tantancewa a babban birni, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai kan cinye rabin wata. Rann ma idan damina ta sauka ruwa kan datse hanyarta na watanni. A ce malamin da ke wannan hali da wanda ke taka ƙafa zuwa makaranta a unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri alawus ɗinsu ɗaya, wannan ba daidaito ba ne. Cire tallafin man fetur a 2023 da ambaliyar madatsar Alau a watan Satumban 2024 sun ƙara wa lamarin nauyi.

Sai kuma malaman sa-kai, waɗanda suka koyar a tantuna da ƙarƙashin bishiyoyi da ɗan ihisanin da ƙungiyoyin agaji ke bayarwa, wanda ke tsayawa duk ranar da kwangilar shiri ta ƙare. Tun da Amurka ta janye mafi yawan tallafinta a 2025, wannan ƙofa ta ƙara tsukewa. Waɗannan mutane suna jin Kanuri da Shuwa da Glavda da Marghi, 'yan garuruwan ne, ba sa neman a yi musu canjin wurin aiki, kuma sun san yadda ake zama da yaron da ya ga an kashe mahaifinsa. Asara ce a bar su su koma tuƙa Keke Napep alhali ana cigiyar wanda zai yarda ya je Damasak, can kan iyakar Nijar.

Don haka roƙona shi ne a kai wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin da zai kafa alawus na haɗari da nisa ga malamai, a kasa garuruwa aji-aji gwargwadon haɗarinsu da wahalar isa gare su, a ɗaure alawus ɗin da kaso na albashi don kada hauhawar farashi ta cinye shi, a kuma riƙa sake duba rabe-raben duk shekara. Dalilin da ya sa na nace a kan doka shi ne abin da muka gani a matakin tarayya. Ranar 5 ga Oktoban 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da albashi na musamman ga malamai da alawus na aikin karkara da ƙarin shekarun ritaya. Ƙarin shekarun, daga 60 zuwa 65, ya zama doka a 2022, sauran kuwa malaman firamare har yanzu suna jiran ganinsu. Wa'adinka zai ƙare a watan Mayun 2027, kuma abin da aka furta da baki a wurin ziyara ba ya ɗaure wanda zai gaje ka.

Na san za a ce kuɗin malaman firamare daga asusun ƙananan hukumomi yake fita, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin ƙananan hukumomi na riƙe kuɗinsu, maganar wa ke riƙe da wannan asusu ta sake tasowa. Wannan ma dalili ne na hanzarta dokar, domin ƙaramar hukumar da ta yi shekaru ba kasuwa ba haraji, kamar Abadam ko Guzamala, ba za ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai ba. Tallafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, yawancinsa gini da kayan aiki yake tafiya, don haka ya dace jiha ta ware nata kason, ta kuma nemi Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda hedikwatarta ke nan Maiduguri, ta sa hannu a gidajen malamai da horar da su.

A cikin dokar a buɗe wa malaman sa-kai hanyar samun NCE suna kan aiki, a lissafa musu shekarun da suka yi a sansani. Wanda takardunsa suka ƙone a harin da aka kai garinsu, a nemo bayanansa daga kwalejin da ya yi karatu maimakon a cire sunansa a matsayin ma'aikacin bogi. A ƙarshe ina roƙon a fitar da cikakken jerin sunayen malaman jihar nan da aka kashe a bakin aiki, a bi iyalansu ɗaya bayan ɗaya a tabbatar giratuti da fanshonsu sun isa hannun magada, a kuma ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu har su kammala sakandare.

Allah ya yi maka jagora, ya dawo mana da zaman lafiya a Borno da kewaye.

Wassalam,
Wani tsohon malamin makaranta, Maiduguri